Shekarar da Na Yi wa Duma Ɗinki

Duk lokacin da kuka taru a gidan nan, da salla ko da suna, sai wani a cikinku ya tayar da zancen duma, ku yi ta dariya har jikoki su taya ku ba tare da sun san abin da ake yi wa dariyar ba. Mahaifiyarku Asabe ce ta ba ku labarin, kuma ta ba ku shi yadda ya yi mata daɗi. Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma daga tsakiya take farawa, daga inda na riga na zama abin dariya, ta bar abin da ya kai ni can.

Shekarun nan ne da mutanen Yawunde suke kira lakiris, wato matsin tattalin arziki. An rage wa ma'aikatan gwamnati albashi, aka sake ragewa, sannan aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Mu telolin unguwar Birikiteri da ma'aikata muke ci. Mutumin da a da yake zuwa daga unguwar Tsinga ya zaɓi shadda ya ce a cika mata aiki a wuya, sai ya koma kawo tsohuwar riga a juya masa kwala, ya tsaya a kanka har ka gama don ba shi da wata. Kekena ya yi shiru. Nakan buɗe shago in goge shi, in sa masa mai, in sake gogewa, in rufe shago in dawo gida tun kafin azahar. Mutumin da ya tashi da almakashi a hannu tun yana yaro, ranar da yadi ya yanke masa sai hannun ya shiga neman abin yanka.

A cikin wannan hali mahaifina ya rasu a Garwa, na je na taho da Inna. Idonta ya riga ya yi yana, sai inuwar mutum take gani. A can ba ta da kowa sai ɗaki mai yoyo da maƙwabtan da su ma jagora suke nema. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana cikin daɗin rai ta ce “kai”, in ranta ya ɓaci ta ce “Tela”. Tun da ta sauka a Yawunde na zama Tela. Ruwan garin ba ya jin magana, yana sauka ba sallama. Jar laka ta ɓata mata zane. Duk inda mutum ya nufa sai ya hau tudu. Tsakar gidanmu kuwa, in ji ta, a Garwa ko kaji ba a tsarewa a irinsa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da Asabe ta dama mata fura a roba.

Da ruwan fari ya sauka, wata safiya na fito na same ta durƙushe a gindin katanga tana tona ƙasa da tsinken itace. Ta kwance wani ɗan tsumma, ga irin duma a ciki.

“Inna, me ake shukawa?”

“Irin gidanmu ne. Daga hannun uwata na karɓe shi, ita ma daga tata. In ƙasar nan ta ba ni ƙwaryar da zan dama fura a ciki, ta karɓe ni, na zauna. In ta hana, ka sa ni a jirgin ƙasa in koma inda aka san ni.”

“Haba Inna, ƙwarya ai ga ta nan jibge a kasuwar Mokolo, yanzu in je in sayo miki.”

“Tela, da ƙasa nake magana.”

Na san Inna. In ta faɗi abu, ko da rarrafe sai ta yi shi. Na san kuma in ta koma ɗakin nan na Garwa, labarinta kawai za a aiko mini. Saboda haka tun daga ranar na ɗauki duman nan a matsayin aikin da aka ba ni, kuma ba ni da wani aikin da zai raba mini hankali.

Ya fito da kunnuwa biyu, sannan ya fara yaɗo. Na ɗaura masa igiya daga ƙasa zuwa kan katanga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne 'yan hannayensa, wasu siraran zare da yake miƙawa cikin iska yana lalube kamar Inna tana neman butarta. Da zarar ɗaya ya taɓa igiya sai ya naɗe ta, sannan ya murɗe kansa ya jawo sauran jikin kusa. Nakan kafa kujera in zauna ina jira in ga lokacin da yake motsi, ban taɓa kama shi ba, amma in na je masallaci na dawo sai in tarar ya gama. Abin da bai yi mini ba shi ne, a hammatar kowane ganye sai wani ɗan toho ya leƙo yana neman tasa hanyar. A wurin tela, zaren da ya leƙo daga gefen ɗinki aibi ne, ba a mayar wa mai kaya da riga da shi. Na ce a raina waɗannan 'yan gefe su ne za su shanye ƙarfin da ya kamata ya tafi sama. Kowace safiya kafin Inna ta idar da lazimi, sai in bi su da ɗan almakashina na zare in tsinke. Duma ya miƙe sambal kamar an ja shi da alli. Har nakan kira abokaina teloli su zo su gani.

Inna kuwa da hannu take duba shi. Ta fara daga gindi ta shafa har inda hannunta ya kai, sai ta yi tsaki.

“Ka gani ko? A Garwa warhaka ya cika danga da rassa. Nan ga shi shi kaɗai kamar maraya. Ƙasar nan ba ta son dangi.”

Ban gane cewa da almakashina nake yankar mata tikitin jirgi ba. Na ɗauka in ya kai sama zai huce haushinsa ya haihu.

Ya yi fure, farare tas, masu buɗewa gab da magariba. Kowanne ya kwana ɗaya ya yanƙwane ya faɗo, babu ko ɗa guda. Ina tsaye kan benci wata rana ina duba su, sai kan maƙwabcinmu ya ɓullo ta bayan katanga. Misye Ondoa ke nan, ɗan ƙabilar Ewondo, ma'aikacin ofishin noma. Tun da aka yanke albashi sai ya ga dama yake zuwa aiki, wai kuɗin taksi ya fi abin da zai je ya samo. Alaji yake kirana, kamar yadda suke kiran duk mai hula, ko da yake a lokacin ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Da guntun Faransancina da nasa guntun Hausar kasuwa muke fahimtar juna. Ya dubi duman daga sama har ƙasa, ya dubi almakashin da ke aljihuna.

“Alaji, wa yake yi wa wannan aski?”

“Gyara ne.”

“Kan nan da kake ji da shi, shi ne shef, shugabansu. Muddin yana sama yana tafiya, yana aika wa na ƙasa saƙo su kwanta su yi barci. Masu taurin kan da suka leƙo kuma ka bi su ka tsinke. Furen da ke jikin uwar kusan duk maza ne. Matan a rassa suke fitowa, za ka gan su da ɗan ƙulli a ƙarƙashin fure, shi ne jaririn. Ka sare kan shef, ka ƙyale rassa.”

“In sare wa shukar uwata kai?”

“A ofishinmu ma da za a yi haka, da an ga 'ya'ya.”

Na daina tsinke toho, wannan kam na ji. Amma kai na ce ba mai taɓa shi. Shi kuma kan bai san ina kare shi ba. Tsakar gidanmu inuwar benen kusa da mu ta rufe shi, rana tana can gefen su Ondoa, sai duma ya kai saman katanga ya leƙa, ya ga haske, ya tsallaka ba ko waiwaye. Abin da ya fara kamawa a can shi ne igiyar shanyar Madam Ondoa, da rigar cocinta a kai. Ba ta yi shawara da kowa ba. Adda ta ɗauko ta sare kan, ta jefo mana shi ta saman katanga. Ya faɗo gaban Asabe tana tankaɗe.

Na riga na sa takalmi zan zagaya in yi rigima, Asabe ta ce in bari in huce tukuna, mutanen nan su ne suke ba mu ruwa in famfonmu ya ɗauke. Kafin in gama hucewa, duk tohon da almakashina bai kai gare su ba suka farka lokaci guda. Rassa suka ɓarke ta kowane gefe, wasu suka sauko mana, wasu suka bazu kan kwanon kicin ɗin Madam. Ga furanni mata nan da ɗan ƙullinsu, yadda Ondoa ya faɗa. Ya ce malam-buɗe-littafin dare ne yake kai ƙurar fure namiji wurin mace, amma hayaƙin masu suya na layinmu ya kore su, sai dai mu ɗaura auren da kanmu. Haka muka zama magidanta biyu marasa aikin yi, kowa a kan bencinsa, katanga a tsakani, muna tsinko fure namiji muna goga wa mace, ladan yana kiran magariba. Mai wucewa ya tambayi abin da muke yi, Ondoa ya ce aure muke ɗaurawa, shi ne magajin gari mai ɗaura na ofis, ni ne liman.

Uku suka kama a gefenmu, suna reto a jikin katanga. Ɗaya ya kama a gefensu, ya samu wuri kan kwanon kicin ya zauna. A nan ne hankalina ya sake tashi. Namu da suke rataye, sai na ga kamar suna yin wuya, sama siriri, ƙasa da nauyi. Na ɗauko tef na auna, washegari na sake aunawa. Inna ƙwarya ta ce, ba gora ba. In suka fito da wuya, ta samu hujja. Na faɗa wa Ondoa, ya ce siffar tana cikin irin tun kafin a shuka shi, abin da zan yi kawai in kafa musu ɗan katako su zauna a kai, nauyi ya daina jan su. Na ji maganar, amma ta yi mini sauƙi da yawa. Ni da na shekara ashirin ina gyara wa masu tumbi da masu ƙusumbi siffa da yadi, a ce in kafa katako in koma gefe?

Na auna tsohuwar ƙwaryar Inna da ta zo da ita, na fitar da zane a takarda. Yadi mai ƙarfi nake so wanda ba zai ba da kai ba, sai na tafi Mokolo wurin 'yan gwanjo na zaɓo tsofaffin wandunan jins. Mazaunin wando na yanka, don shi ne wurin da aka riga aka yi wa lanƙwasa. Kowane duma na haɗa masa ɓari biyu kamar ƙwallo, na bar ƙofa a sama da zariya, ɗinkin tsakiya kuma na bi shi da igiyar nailan har sau biyu don kada ya ɓalle. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamarsa ba a shekarar. Rabon da a ji ƙarar kekena haka har an manta, maƙwabtan shago suka leƙo suna yi mini barka da samun kwastoma.

Asabe ta fito ta same ni ina ɗaure zariyar na ƙarshe. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

“Malam, wando ka sa musu?”

“Ma'auni ne. Don su san inda za su tsaya.”

“Har da aljihu.”

Gaskiya ne, ɗaya ya zo da aljihun baya, ban tsaya cire shi ba. Na ce wa Ondoa ya miƙo nasu in auna shi, ya ƙi. Ya ce a wurin aikinsu duk gwajin da za a yi sai an bar guda ɗaya ba a taɓa shi ba, don a san ko maganin ne ya yi aiki ko Allah ne. Na ce ya bar shi tsirara in ya ga dama.

Sai ruwa ya dawo, irin na Yawunde, wanda ba ya barin tsumma ya bushe. Jins ya sha ruwa ya riƙe. Gansakuka ta bi shi ta yi kore shar, in ka ja ta sai ta zo kamar zare, Ondoa ya ce ita ma haka take girma, ɗaya a bakin ɗaya, ba ganye ba saiwa, ba ta kuma buƙatar tela. Biyu suka ruɓe a cikin rigarsu, ban sani ba sai da wari ya kori Inna daga inuwar da take zama. Na ukun ya rayu, amma bai karanta zanena ba. Da ya cika ma'aunin bai tsaya ba. Yadin da ruwa ya cinye ya yage ta dama da hagu, duma ya ɓullo ta nan ya ɓullo ta can yana ta kumbura. Igiyar nailan kuwa, aikin hannuna, ko gezau. Ta nutse cikin jikinsa, ya girma ya rufe ta, har ba damar in zare sai in fasa shi. Da na yanke ragowar yadin na ja baya na duba, sai na ga abin da na yi. Tudu biyu sumul, da tsagi a tsakiya.

Ba sai na faɗa muku da me ya yi kama ba. Matan layinmu suka riƙa shigowa aron gishiri. Har daga unguwar Nkomkana wata ta zo wai gaishe da Inna. Asabe ta yafa masa tsohon ɗankwali saboda yara, abin ya ƙara muni. Inna kaɗai ba ta sani ba, don hannunta ba ya kaiwa inda yake, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin ba ta labari. Ita dai tana jin dariya tana cewa matan garin nan ba su da aikin yi.

Da rani ya shigo yaɗo ya bushe, Inna ta sa Asabe ta ɗaure mata kayanta, ta fito ta zauna kan tabarma da ƙunshin a gefenta, ta ce a kawo abin da ƙasa ta bayar. Ondoa ya zagayo da kansa ɗauke da nasu. Wanda aka bari tsirara a kan kwano ya fito kamar an zana shi, zagayayye, gindinsa a baje, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Na karɓa na sa mata a cinya, zuciyata ta ɗan kwanta. Ta shafa shi, ta juya, ta kai kunne ta girgiza.

“Wannan irin gidanmu ne. A ina ya zauna?”

“Nan kusa, Inna.”

“Tela, a ina?”

“Kan kicin ɗin su Ondoa.”

“To ƙasa ta karɓi Ondoa. Da ma shi ɗan gari ne.”

“Amma Inna saiwar ai a gidanmu take!”

“A saiwa zan dama furar? Ba ni na gidan nan.”

Asabe ta shige ɗaki, ina jin ta tana toshe baki. Ondoa ya shiga kallon sama. Na ɗauko shi na miƙa mata. Ta ɗora hannu kan tudu ɗaya, ta gangara cikin tsagin, ta hau ɗayan. Ta yi salati. Na ga ɗayan hannunta ya kai kan ƙunshin kayanta, na ce shi ke nan, gobe muna tasha. Sai ta dawo da yatsa cikin tsagin, ta bi shi a hankali. Ta tsaya inda guntun nailan ya leƙo, ta ja shi da farce. Ta koma gefe ta sami sawun kalmasa, har da inda bakin aljihu ya kwanta ya bar layi biyu.

“Wannan ɗinki ne.”

Ta ɗago shi wajena.

“Na ce wannan ɗinki ne. Na goyi tela, na yaye tela, na san sawun keke. Rassan da na yi ta nema fa?”

Na faɗa mata. Tun daga ɗan almakashi har wandunan gwanjo, ban rage komai ba, Ondoa yana cike mini inda na yi ƙoƙarin tsallakewa. Abin yana kan cinyarta tana tallafe da shi kamar jariri. Sannan ta ɗaga murya.

“Asabe! Zo ki mayar da kayan nan ɗaki. Na zargi ƙasar mutane a banza, ashe ba a bar ta ta yi magana ba. Gwajin ya ɓaci, sai an sake. Ko da ma ta ƙi ni, ina zan tafi in bar ki da yara a hannun mutumin da yake ɗinka wa duma?”

Da ruwa ya dawo ta sake shukawa, da sharaɗin in na zo wucewa ta gindin katanga in sa hannuwana a baya. Ita da Madam Ondoa suka sare kan tun yana ƙasa, ya cika tsakar gida da rassa, ya ba da ƙore har aka rarraba wa maƙwabta. Inna ta ce ruwa ya yi yawa a shekarar, ba a gane gaskiyar ƙasa a irin wannan damina, sai an sake. Shekarar da ta biyo ta ce ruwan ya yi kaɗan. Wata shekarar akuya ce ta shigo. Lakiris ya yi sauƙi, kekena ya dawo da ƙara, ku kuka girma kuna shan fura a ƙoren gwaji, ita kuwa ba ta taɓa yanke hukunci ba, har muka binne ta a nan Yawunde.

Damina ta ƙarshe da ta gani, an fafe mata wata babba, ba tabo ba karkata. Na kai mata har gado na ce to Inna, wannan fa? Ta shafa ciki, ta shafa baya, ta miƙo mini.

“Ta cika kyau. Akwai hannun Ondoa a ciki. Baɗi a sake.”